Gidan kwaskwarima: abin da sabon fenti ke ɓoye wa mai saye

Tsohon gida ba ya iya ɓoye ciwonsa. Idan rufinsa na yoyo, za ka ga tabon ruwa ya yi zobe a silin. Idan harsashinsa ya motsa, bango zai tsage daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Idan danshi ya kama shi, hancinka ma ya isa ya shaida maka tun daga bakin ƙofa. Mai saye yakan ga waɗannan alamu, ya lissafa abin da gyara zai ci, ya rage a farashi, ko kuma ya kama gabansa. Ya san abin da ya saya.

Gidan da nake son mu duba shi ne wanda aka goge wa alamun aka bar cutar a ciki. A ƙasashe da yawa akwai masu sana'ar sayen tsofaffin gidaje da araha, su zuba musu gyara cikin 'yan watanni, su mayar da su kasuwa su ci riba. Ko kwana ɗaya ba sa yi a gidan. A Amurka, inda sana'ar ta shahara har ake shirye-shiryen talabijin a kanta, masu bin diddigin kasuwar gidaje sukan sa duk gidan da aka saya aka sake sayarwa cikin watanni 12 a wannan rukuni. Sana'ar ba abin kunya ba ce. Akwai masu yin ta tsakani da Allah, su ɗauki kango su mayar da shi gida, unguwa ma ta amfana. Amma akwai masu ɗanyen aiki, kuma a ranar da aka buɗe maka ƙofa ka shiga dubawa, aikin mai gaskiya da na maha'inci kamanninsu ɗaya: fenti na sheƙi, tayil sabo fil, kicin kamar a hoto. Daga wannan kamanni duk matsalar ta samo asali.

Lissafin mai gyara

Kafin a zo kan bango da bututu, sai an fahimci lissafin da ke kan mai wannan sana'a, domin shi ne ke nuna inda zai kashe kuɗi da inda zai matse hannu. Masu harkar a Amurka suna da wani ma'auni da suke kira ƙa'idar kashi 70: kada ka biya fiye da kashi 70 cikin 100 na darajar da gidan zai yi bayan gyara, sannan ka cire kuɗin gyaran daga ciki. A ce gida zai sayu a kan 100 idan an gama, gyaran kuma zai ci 15. To kada a saye shi sama da 55. Ragowar 30 ɗin ba riba ce zalla ba. A ciki za a biya la'adar dillalai, haraji, inshora, lauya, da kuɗin ruwan bashi, domin da yawansu da bashi na gajeren zango suke aiki, wanda ruwansa ya fi na bashin gida na yau da kullum tsada. Kowane wata da gidan ya ƙara bai sayu ba, riba ce ke zagwanyewa.

Yanzu a ce an fara aiki, an ɗaga daɓe, sai aka tarar bututun ƙazantar da ke ƙarƙashin ƙasa ya ruɓe. Gyaran da aka ƙiyasta a kan 15 ya koma 25, ga kuma wata guda da zai ƙaru. Wannan goman daga aljihun mai gyara za ta fita, kuma ya san babu mai sayen da zai ƙara masa ko sisi saboda bututun da ba ya gani. Amma idan ya zuba rabin kuɗin a kan kantocin kicin masu kyau da fitilu masu ɗaukar ido, mai saye zai gani, zai kuma biya. Mutum yakan zagaya gidan da zai zuba dukiyarsa a ciki na rabin sa'a ko sa'a guda, abin da idonsa ya faɗa a kai shi ke yanke masa hukunci. Saboda haka kuɗi na bin ido, abin da ke bayan bango kuwa sai dai in mai gyaran yana da amana.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin irin wannan kasuwa tun a 1970, da misalin motocin hannu, kuma aikin na cikin abin da ya sa ya samu lambar yabo ta Nobel a 2001. Idan mai sayarwa ya san lafiyar kayansa, mai saye kuwa bai da hanyar sani, to mai saye ba zai yarda ya biya cikakken farashin kaya mai kyau ba. Mai kaya mai kyau sai ya ga ba ya cin moriyar ƙoƙarinsa, mai algus kuma ya ga kasuwa ta buɗe masa. Abin da ya fi damuna a wannan sana'a ke nan: tsarinta da kansa yana hukunta wanda ya gyara bututun, yana saka wa wanda ya binne shi.

Ruwa, babban abokin gabar gida

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da mai saye zai sa wa ido, ruwa zan ce. Shi ya fi kowa haƙuri, shi ya fi kowa ɓarna, kuma shi ne kwaskwarima ta fi iya rufewa na ɗan lokaci.

Ɗauki banɗaki. Mutane da yawa na zaton tayil ne ke hana ruwa wucewa. Tayil ɗin kansa yana iya tare ruwa, amma abin da ake cike tsakaninsa da shi yana shan ruwa, yana kuma tsagewa. Abin da ke kare daɓe da bango shi ne shimfiɗar hana ruwa da ake yi a ƙarƙashin tayil, a ɗaga ta ta hau jikin bango, a liƙe ta da kyau a bakin rariya da duk inda bututu ya huda. Wannan aiki na buƙatar kuɗi, yana kuma buƙatar a jira ya bushe. Mai gaggawa yakan tsallake shi, ko ya manna sabon tayil a kan tsoho. Ranar da ka zo dubawa banɗakin a bushe yake ƙayau, domin babu wanda ya taɓa wanka a ciki. Sai iyali sun tare, ana wanka safe da yamma, ruwa ya fara tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Bayan wata shida ko shekara sai ka ga fenti na kumbura a ɗakin da ke maƙwabtaka, ko silin ɗin ƙasa ya yi tabo. Kafin ido ya gani, katako ya riga ya fara ruɓewa. Idan ginin kankare ne, ruwan ya isa ga rodi, kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, don haka takan tura kankaren daga ciki har ya tsage ya ɓantare.

Gyaran wannan ba ya yiwuwa sai an farfasa sabon tayil ɗin nan da ka biya kuɗinsa a cikin farashin gida. A nan ne asarar gidan kwaskwarima ta fi ta tsohon gida ciwo. Wanda ya sayi tsohon gida sau ɗaya zai biya kuɗin gyara. Kai kuwa ka biya kuɗin adon, za ka biya kuɗin rushe adon, ka biya na ainihin gyaran, sannan ka sake biyan na mayar da adon.

Danshin da ke tasowa daga ƙasa ma haka yake. Yakan bar farin gishiri a gindin bango, filasta ta riƙa ɓarɓashi. Maganinsa na gaskiya shi ne a gano daga ina ruwan ke zuwa: ko ƙasar tsakar gida ce ta karkato wajen gini, ko indararo ne ke zuba a gindin bango, ko shimfiɗar da ke raba harsashi da bango ce ta lalace. Mai kwaskwarima sai ya kankare, ya shafe, ya yi fenti, ko ya lulluɓe bangon da allo ko tayil. Idan ka shiga ɗaki ka ga bango ɗaya tak an yi masa ado na daban, ba tare da wani dalili na tsari ba, ka tambayi me ke bayansa. Wani lokaci ma gyaran ne da kansa ke jawo danshin, irin gyaran gangar Auzinawa: a shimfiɗa sabon daɓe a tsakar gida don kyau, a ɗaga shi har ya haura layin hana danshi, ruwan sama ya riƙa taruwa yana shiga bango.

Inda danshi ya zauna, fumfuna na biye. Hukumar kare muhalli ta Amurka na shawartar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin sa'o'i 24 zuwa 48, domin bayan haka fumfuna na iya kamawa. Fenti ba ya kashe ta, rufe ta kawai yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2009 kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, ta danganta su da ƙaruwar cututtukan numfashi da tashin asma. Iyalin da yaronsu ke tari duk dare ba lallai su kawo cewa bangon bayan gadonsa ne sila ba.

Sai bututu. Kan famfo sabo mai ƙyalli ba ya nufin bututun da ke kai masa ruwa sabo ne. Tsohon bututun ƙarfe daga ciki yake tsatsa, hanyarsa ta riƙa tsukewa har ƙarfin ruwa ya ragu. Idan aka haɗa shi kai tsaye da sabon bututun jan ƙarfe ba tare da mahaɗi na musamman a tsakani ba, ƙarafan biyu sukan ci juna a daidai mahaɗar, nan ne kuma yoyo zai fara, a cikin bango. A Amurka an sa wa miliyoyin gidaje wani bututun roba da ake kira folibutilin tsakanin 1978 da 1995, daga baya aka gano sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo na cinye shi har ya fashe ba zato. Mai gyara na iya canja ɗan guntun da ake gani a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya bar sauran a binne. Bututun fitar da ƙazanta kuma gangara yake buƙata, kimanin santimita 2 a kowace mita ga ƙananan bututu. Idan aka matsar da kicin ko banɗaki zuwa wani ɓangare don tsari ya yi kyau, aka ja bututun a kwance, toshewa ba za ta ƙare ba. Ita ma lanƙwasar nan mai kama da harafin U da ke ƙarƙashin kowace rariya ba ado ba ce: ɗan ruwan da ke kwanciya a cikinta shi ke hana iskar masai dawowa cikin gida.

Rufi kuwa lokacin ciniki ne ke rufa masa asiri. Gidan da aka gyara aka sayar a lokacin da ba a ruwan sama, ba wanda ya gwada rufinsa.

Bango da wuta

Abin da ake yayi yanzu shi ne falo mai faɗi, a haɗe shi da kicin da wurin cin abinci. Tsofaffin gidaje kuwa ɗaki-ɗaki aka yanka su. Saboda haka abu na farko da mai gyara ke yi shi ne rushe bango. Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi, cire shi ba komai. Wani kuma shi ke ɗauke da nauyin bene ko rufi, yana sauke shi zuwa harsashi. Cire irin wannan sai injiniya ya lissafa nauyin, a sa bim mai ƙarfin da ya dace, a ɗora shi a kan ginshiƙan da su ma suna da abin da suka taka a ƙasa. Idan aka yi shi da ka, gini ba ya faɗuwa a ranar. A hankali yake sunkuyowa. Daɓen sama ya lotsa, ƙofofin sama su fara cijewa, tsaga ta fito a karkace daga kusurwar ƙofa. Haka nan mai aikin famfo da ke sauri yakan yanke ko ya huda katakan da ke ɗauke da daɓen bene don bututunsa ya wuce, ya raunana su, silin ya rufe shaida.

Tsaga a bango tarihi ce. Injiniya na duba faɗinta, da inda ta nufa, da ko tana ƙaruwa, ya gane ko tsohon zama ne da gini ya yi ya tsaya, ko harsashi ne ke ci gaba da motsi. Wanda ya cike tsagar ya shafe ta da fenti ya yaga shafin da injiniya zai karanta. Haka ma katakon da gara ta cinye: idan aka toshe ramukan aka yi fenti, garar na nan tana aikinta.

A wajen wutar lantarki, abin da ake hasara ya wuce kuɗi. Soket sababbi da makunnai farare ba su da tsada, sa su kuma aikin yini ɗaya ne. Sake wayarin gida gaba ɗaya kuwa sai an fasa bango. To sai a bar tsofaffin wayoyi, a ɗora musu kayan zamani masu jan wuta: na'urar sanyaya ɗaki, tukunyar dumama ruwa, murhun lantarki. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, fis ko bireka wayar da ke cikin bango yake karewa. An auna shi ne ya yanke wuta kafin wayar ta yi zafin da zai narkar da rigarta. Idan bireka na yawan faɗuwa sai wani ya canja shi da babba ya bar siririyar waya, to faɗuwar ta daina, wayar kuma ta zama ita ce fis ɗin, a cikin bango, kusa da katako.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan muni. A tsohon gidan da ba shi da waya ta uku, wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, wasu kan haɗa mazauninta da wayar niyutiral, wato wadda wuta ke bi ta koma, a bayan soket. Ƙaramar na'urar gwaji da ake soka wa soket za ta nuna komai daidai. Amma ranar da niyutiral ta katse a wani wuri, jikin firiji ko injin wanki zai ɗauki wuta. Sai kuma wayoyin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif aka binne ba tare da akwati ba. A Amurka, gidajen da aka gina tsakanin wajejen 1965 da 1973 da yawansu wayar alminiyam aka sa musu saboda tsadar jan ƙarfe a lokacin. Alminiyam na buɗewa da tsukewa da zafi fiye da jan ƙarfe, mahaɗarsa na saki a hankali, kuma ɗaura masa sabon soket da ba a yi dominsa ba hanyar gobara ce. A banɗaki da kicin ana buƙatar na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum. Rashinta ba ya hana fitila kamawa, don haka mai zagayen dubawa ba zai lura ba.

Inda ake amfani da gas wajen dumama ruwa ko ɗaki, bututun hayaƙin da aka karkatar ko aka toshe yayin gyara na iya mayar da iskar kabon monoksayid cikin gida. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma kashe mutane a cikin barci.

Wani haɗarin kuma aikin gyaran ne ke tayar da shi daga barci. Tsohon fenti na ɗauke da dalma. Amurka ta hana amfani da shi a gidaje a 1978, kuma tun 2010 doka ta wajabta wa 'yan kwangilar da ke aiki a gidajen da suka girmi wannan shekara su samu horo da shaida. Dalili shi ne, goge irin wannan fenti a bushe na mayar da shi ƙura mai laushi da ke kwanciya a tagogi da daɓe da ƙasar tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi shan wahalarsa. Asbestos ma, wanda aka daɗe ana sa shi a silin da rufi da tayil, haɗarinsa kaɗan ne muddin yana zaune ba a taɓa shi ba. Fasa shi da yanka shi ne ke sakin zaren da ke maƙalewa a huhu, ciwon dajin da yake haifarwa kuma sai bayan shekaru 20 ko fiye yake bayyana. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, amma yana nan cikin gine-ginen da suka riga haramcin. Gidan da aka farfasa cikin gaggawa aka share sama-sama na iya fin yadda yake kafin gyaran illa ga mai zama.

Wa za ka kama?

A ce matsala ta fito bayan shekara. A yawancin wurare, manyan ayyuka kamar rushe bango, ƙara ɗaki, ko sake wayarin na buƙatar izinin hukumar da ke kula da gine-gine, jami'inta kuma ya zo ya duba kafin a rufe bango. Izini na cin lokaci, lokaci kuwa mun ga abin da yake yi wa riba, don haka mai gaggawa yakan yi aikinsa a ɓoye. Laifin na bin gidan ne, duk wanda ke riƙe da shi. Hukuma na iya umartar sabon mai gida ya buɗe bango a duba, ko ya rushe abin da aka ƙara. Kamfanin inshora na iya jayayya kan biyan diyya idan gobara ta tashi daga aikin da ba a amince da shi ba. Ranar da ka tashi sayarwa, ɗakin da ba shi a takarda zai zame maka ƙarfen ƙafa. A Amurka ma, ɗan kwangilar da ba a biya shi haƙƙinsa ba na iya ɗora da'awar bashinsa a kan gidan kansa, ta tarar da sabon mai shi.

Shi kuwa mai sayarwa sau da yawa ba mutum ba ne a takarda. Kamfani ne, wani lokaci ma an buɗe shi ne don wannan gida ɗaya, da an raba riba sai a rufe shi ko a bar shi fanko. A inda doka ta ce mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, amsar da aka saba ji ita ce bai taɓa zama a gidan ba, bai san komai ba. A Ingila asalin ƙa'idar ma ita ce mai saye ya kula da kansa, ko da yake mai sayarwa ba shi da damar yin ƙarya idan an tambaye shi a rubuce. Kafin ka yi nasara a kotu galibi sai ka tabbatar ya san aibin ya ɓoye, wannan kuwa shari'a ce mai tsawo da tsada. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Kada kuma mutum ya jingina da banki. Wanda banki ke turowa darajar gida yake ƙiyastawa don bankin ya kare kuɗinsa, ba lafiyar bututu yake dubawa ba. Hukumar FHA, wadda ke tsaya wa masu karɓar bashin gida a Amurka, tana da ƙa'idar ƙin tsaya wa bashin gidan da aka sake sayarwa cikin kwana 90 da saye, kuma tsakanin kwana 91 da 180 takan nemi ƙiyasi na biyu idan farashin ya ninka. Wannan na rage kumbura farashi, amma bai ce komai a kan ingancin aiki ba.

Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya dawo da alamun da aka goge. Farko a nemi tarihin gidan: yaushe mai sayarwa ya saye shi, a wane hali. Tsofaffin hotunan talla sukan daɗe a intanet, kuma kwatanta su da na yanzu na nuna bangon da ya ɓace da banɗakin da ya canja wuri. Gidan da aka ce an sake masa komai cikin mako shida, a tambaya yaya aka yi siminti da filasta suka bushe. Maƙwabta ma sun ga abin da aka fitar da abin da aka shigar, sun san ko ruwa na kwanciya a wurin.

Mai duba gini kai za ka ɗauko shi da kuɗinka, kada ya zama wanda dillali ko mai sayarwa ya kawo. A kuma san iyakarsa: da ido yake aiki, ba ya fasa bango, gidan kwaskwarima kuwa don ido aka shirya shi. Shi ya sa a irin wannan gida ya kamata a ƙara da na'urar auna danshi, da kyamarar da ke nuna bambancin zafi a jikin bango, da wadda ake zura wa bututun ƙazanta, a kuma sa ƙwararren mai wayarin ya buɗe akwatin bireka da wasu soket ya ga bayansu. Duk inda aka cire bango, injiniya ya gani. Kai ma kana da aikin yi. Buɗe dukkan famfuna lokaci guda ka bar su suna zuba, ka ja ruwan masai, ka saurara, sannan ka koma ka duba ƙasa da bayan bango. Ƙwanƙwasa tayil, wanda ya yi ƙarar fanko bai kama ba. Leƙa inda ba a yi wa ado ba: saman silin, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan gida. Idan da hali ka dawo bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Ƙananan abubuwa ma suna magana. Wanda ya shafa fenti a kan hinjin ƙofa da soket, a wurin da ya san za ka gani, ba na tsammanin ya yi taka-tsantsan a wurin da ya san ba za ka gani ba.

Sannan a nemi takardu: izinin aiki, shaidar dubawar hukuma, rasit, sunayen waɗanda suka yi wayarin da famfo, da garanti a rubuce wanda zai bi gidan zuwa hannunka. Inda doka ta ba da dama, lauya na iya sa sharaɗin a riƙe wani kaso na kuɗin har zuwa wani wa'adi, ko a ba ka damar janyewa idan bincike ya tono babban aibi. Mai gyaran da ya yi aikin kirki yawanci yana da hotunan da ya ɗauka kafin a rufe bango, bututu da waya da shimfiɗar hana ruwa duk a fili, domin ita ce kaɗai hanyar da zai nuna inda kuɗinsa suka shiga. Ka nemi ya nuna maka su ɗaki bayan ɗaki, ka tsaya a cikin kowane ɗaki kana kwatanta hoton da bangon da ke gabanka.